Kaka Ba Ta Nishi a Gaban Baba

Jiya maƙwabciyata ta ɗora man kaɗe a wuta za ta shafa wa jaririnta, warin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Sai na ajiye faifan. Kowa yana cewa ƙamshi ne, ni kuwa har gobe ba na son shi. In ya shiga hancina sai in ga ƙaramin ɗakin nan na ƙuryar gidanmu a unguwar Lajifarani ta garin Faraku, da gadon ƙarfe, da kaskon wuta a bakin ƙofa, da tsohuwa a kwance, ɓarin jikinta na dama ya mutu ya bar ta.

Kakata ce, wadda ta haifi Baba. 'Yar Jugu ce gaba da baya, jikar fataken goro, irin waɗanda suka sauke kaya a zango suka ga wuri ya karɓe su suka zauna. Ba ta son Faraku ko kaɗan. Takan ce gari ne na mutanen da jirgin ƙasa ya zubar, babu wanda ya san kakan wani. In ta zo mana ziyara, tun ba ta kwance ƙunshin tsaraba ba take fara zancen komawa. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ƙasar ma Dahome ake ce mata, ni kuma ban wuce shekara goma ba. Tsakanina da ita sai tsiya. Ta ce mini mummuna mai ƙafar sauro, in ce mata tsohuwa mai jan haƙori, ta kawo mini duka da mafici in goce, can kuma ta kira ni ta kwanto mini ƙuli-ƙuli daga bakin zane. Bakinta ba ya hutawa. Ta yi faɗa da mai itace da Dendi, ta juya ta yi ciniki da mai nono da Fulatanci, ta dawo kanmu da Hausa.

Mutum ɗaya ne wannan bakin ba ya taɓawa, shi ne Baba, domin shi ne ɗan farinta. In kai ɗan yanzu ne sai na yi maka bayani. A wancan zamani mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta wasa da shi, ba ta nuna a gaban mutane cewa ta damu da shi. Ana yaye Baba aka miƙa shi ga ƙanin kakanmu, a hannunsa ya tashi, shi ya kawo shi Faraku ya koya masa harkar lodin kaya a gar, wato tashar jirgi, inda manyan motoci ke kwashe abin da jirgi ya kawo su yi arewa da shi. Kaka ba ta taɓa ce masa ɗana ba. Mutumin Faraku take ce masa. Yana zaune a gabanta, sai ta dubi bango ta ce, “A gaya wa mutumin Faraku rufin ɗakina yana yoyo.” Shi kuma ya dubi ƙasa ya ce a gaya wa mutanen Jugu an ji. Mu yara abin dariya yake ba mu. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zai zama abin kuka ba.

Farkon damina abin ya same ta. Tana zaune tana zaɓen goro, tana ware masu tsutsa, sai aka ga kwandon ya kife, ita ma ta bi shi. Da aka ɗaga ta baki ya karkace, hannu da ƙafa na dama sun saki, magana ta ɗauke. Mutanen Jugu suka ce iska ce ta buge ta. Baba ya nemi wuri a gaban wata motar kaya ya ɗauko ta zuwa babban asibitin Faraku. Suka riƙe ta 'yan kwanaki, suka ce tansiyo ce, hawan jini, ta riga ta yi ɓarnarta, a koma gida a ci gaba da jinya. Goggo, autar Kaka, ta baro mijinta da 'ya'yanta a Jugu ta biyo uwarta. Ita ce ta ɗauki jinyar, ni kuma aka ce in riƙa zama a ɗakin tunda ni ce abokiyar wasanta, ko ganina zai sa ta sake.

Ba abin da ba a yi ba. An kawo rubutu a kwalba, an yi hayaƙi har idanunmu suka yi ja, an yi tofi. Safe da yamma Goggo ta narka man kaɗe ta murza mata mataccen hannun da ƙarfi, wai ko jini zai dawo. In za a zaunar da ita, ta wannan hannun ake jan ta, don mun ɗauka abin da ya mutu ba ya jin zafi. Abinci kuwa sai da dabara, domin hagu ne kaɗai ya rage mata, ita kuma a rayuwarta ba ta taɓa kai hagu baki ba. In aka ɗora mata cokali a hannun sai ta sake shi ya faɗi, ta juyar da kai.

Abin da ba zan manta ba shi ne nishin. Ba kuka ba ne, ba kuma magana ba. Wani sauti ne da ke fitowa daga ƙirji, ya yi ta tafiya har numfashi ya ƙare, ta ja wani ta sake. In ruwa yana dukan kwano sai ya rufe shi, in ruwan ya tsaya sai ka ji yana nan bai je ko'ina ba. Zufa ta tsattsafo mata a goshi ko da gari ya yi sanyi. Hannun hagun ya damƙi bakin tabarmar da aka shimfiɗa a kan gadon, ya yi ta murɗawa har ya warware mata saƙa. Goggo ta sunkuya ta ce, “Inna, ina ne? Kai ne? Ciki ne? Nuna mini.” Kaka ta buɗe baki, harshe ya yi ta kokawa, idanu suna roƙo, babu abin da ke fitowa sai iska. Wani lokaci ta ɗaga hannun za ta nuna, ya tsaya a hanya kamar ya manta aiken da aka yi masa. Ni da na saba da zaginta, na yi ta tsokanarta ko za ta rama. Na ce mata tsohuwa an ji jiki, yau ina bakin? Sai ta kalle ni hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Daga ranar na daina.

Baba yana shigowa sau biyu, da safe kafin ya tafi gar, da kuma bayan la'asar. Kamar kowane magidanci na lokacin, ba ya faɗowa cikin gida haka nan. Zai tsaya a zaure ya yi gyaran murya don mata su kimtsa, sannan ka ji takalmansa na fata suna tahowa. To wannan gyaran murya, da zarar ya shiga kunnen Kaka, nishi ya tsaya cak. Sai ta saki tabarma, ta lalubo mayafi da hagu ta ja shi ya rufe rabin fuska, ta mai da kai bango. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, “Mutanen Jugu sun kwana lafiya? Da sauƙi?” Ya ɗan jima yana kallon tsohuwa kwance shiru, ya yi addu'a ya shafa, ya tashi. Ni da nake zaune ta wajen ƙafafunta ina ganin yadda yatsun ƙafar hagu suke lanƙwashewa, ina ganin jijiyar wuyanta ta miƙe. Yana fita zaure, abin da ta tare zai ɓalle gaba ɗaya, ya fi na da ƙarfi, har sai ta galabaita.

Akwai wani ma'aikacin jinya da Baba ya ɗauka yana zuwa duba ta, anfirme muke ce masa. Mutumin kudu ne, dogo, mai haƙuri, yana zuwa a kan keke da 'yar gwangwanin da yake tafasa allura a ciki. Baƙon namiji ba ya shiga cikin gida sai da maigida, saboda haka kullum Baba ne ke gaba yana biye. Ka ga ke nan shi ma bai taɓa samun ta tana nishi ba. Zai auna ta, ya tambaya da Faransanci ko tana jin ciwo, Baba ya ce alhamdu lillahi, kwance take lafiya. Goggo ta sa baki daga bayan ƙofa ta ce ba lafiya ba, a yi mata pikir, allurar nan mai kashe zafi. Anfirme ya dubi mara lafiya, ya dubi maigida, ya ce wannan allura ba a yin ta haka kawai, kaɗan ce ake samu, kuma tana da ƙarfi ga tsoho. Ya bar 'yan ƙwayoyi ya hau kekensa. Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani da shi ya yi aiki.

Haka aka ci rabin damina. Masara ta yi kai a bayan gida, kwaɗi suka cika kwata, Kaka tana ƙanƙancewa a kan gado. Bayanta ya fara salewa saboda kwanciya. Wata rana da yamma Goggo ta tare Baba a tsakar gida, mahaifiyata tana kirɓa sakwara ta tsayar da taɓarya.

“Yaya, wallahi tsohuwar nan wuta take ci. Kai ne kawai ba ka gani.”

“Ni ma da idona,” in ji Baba. “Safe da yamma ina shiga. Ke dai kin cika kwakwazo tun kina yarinya.”

“Ɓoye maka take yi.”

Baba ya girgiza kai. “Wadda ba ta san safe ba, ba ta san yamma ba, ita ce za ta san kunya? Lokotoron asibiti da kansa ya ce kan ya taɓu.”

“Bakin ne ya tafi, Yaya. Ita tana nan. In kana son gaskiya, gobe ka haɗiye gyaran muryar nan, ka cire takalmi, ka zagaya ta bayan ɗaki ka tsaya.”

“In yi wa mahaifiyata laɓe?” Ya kaɗe rigarsa ya fita, ranar ko sakwarar bai ci ba.

Kada ka ɗauka Baba mugu ne ko marowaci. Da an ce ya sayar da gidan don ta tashi, da ya sayar. Amma ina jin ya fi masa sauƙi ya yarda cewa hankalinta ya tafi, tana kwance ba ta jin komai. Ɗayan zancen ya yi masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba.

Bayan wasu kwanaki, wajen azahar, aka aike ni bayan ɗaki in tsinko kuɓewa. Na zagaya sai na ga mutum tsaye ƙarƙashin 'yar tagar Kaka. Baba ne, a lokacin da ya kamata a ce yana gar, takalmansa a hannu, ƙafafunsa cikin taɓo. Bai gan ni ba. Daga ciki nishin yana fitowa, dogo, yana yankewa yana dawowa. Ya daɗe a tsaye, kansa jingine da bango. Can sai na ga ya ɗago, ya yi gyaran murya, irin nasa na zaure. Nan take ɗakin ya yi tsit.

Baba ya sulale ya zauna a ƙasa da farar rigarsa. A lokaci ɗaya ya gane abu biyu: mahaifiyarsa tana cikin azaba, kuma tana nan da hankalinta, ta san shi sarai, duk watannin nan shi take yi wa kara. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Ba a ganin uba a haka, sai na koma da baya na tafi ba kuɓewar.

Washegari da anfirme ya zo, Baba ya tsaya a zaure ya ce ya shiga shi kaɗai, Goggo za ta yi masa jagora. A unguwarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, har maƙwabta sun yi ta magana. Mutumin ya shiga a hankali ya same ta yadda muke samun ta. Ya tsuguna, ya ce mata da guntun Dendinsa in ya taɓa wurin da ke ciwo ta matse masa yatsa. Ya bi jikin kaɗan kaɗan. Da ya kai kafaɗar dama, ta hannun nan da muke cewa ya mutu, ta matse shi har ya yamutsa fuska. Ya ce kafaɗar ta goce saboda ja, hannun ba ya motsi amma yana jin zafi fiye da mai lafiyar. Ya ce a daina murza shi, a daina ɗaga ta da shi, a tokare shi da matashi, a riƙa juya ta saboda gyambon baya. Goggo ta fita tsakar gida ta ɗora hannu a ka, ta yi ta cewa ita da hannunta, ita da hannunta. Anfirme ya yi allurar. Ranar Kaka ta yi barci har baki buɗe, gidan ya yi shiru, mu ma muka samu sa'ida.

Ba zan ce maka an samu lafiya ba. Allurar ba kullum ake samu ba, sai jirgi ya zo da ita daga Kwatano, can bakin teku, wani lokaci a jira a ji shiru. Ƙwayoyin kuma haɗiyarsu ta zama aiki. Zafin yana raguwa, yana dawowa. Abin da dai ya canza shi ne mun san inda yake, mun kuma koyi tambayarta yadda za ta iya amsawa: in e ne ta matse, in a'a ne ta saki. Da haka muka gane ba ta son hayaƙin nan, tana son a buɗe taga, tana son a jiƙa mata leɓe da ruwan randa ba na famfo ba. Na tambaye ta ko har yanzu ni mummuna ce. Ta matse.

Baba kuwa ya daina shiga ɗakin gaba ɗaya. Ya ce duk shigarsa ƙara mata wahala yake yi, tunda sai ta danne abin da ke cinta har ya fita. Ya koma tsayuwa a bayan taga, safe da yamma, ba takalmi, ba sallama, ya saurara ya tafi. Ya daina gyaran murya ma a zaure, sai dai ya aiko yaro ya ce maigida zai shigo. A ganinsa wannan ce hidimar da ta rage masa.

Sai dai wani abu ya biyo baya wanda ba wanda ya yi tsammani. Duk safiya, daidai lokacin da ya saba zuwa, Kaka sai ta juyo da kai ta zuba wa ƙofa ido. Bayan la'asar ma haka. Ta yi ta kallo har wuyanta ya gaji. Goggo ta riƙe mata hannu ta ce, “Inna, mutumin Faraku kike nema?” Ba ta matse ba, ba ta kuma saki ba. Ko a wannan hali ba za ta amsa wannan tambaya ba. Goggo ta kai wa Baba labari. Ya ce, “In na shiga na cuce ta, in ban shiga ba na cuce ta. Ki gaya mini wanne zan yi.” 

Ruwa ya fara ja baya, sabuwar doya ta cika kasuwa, lokacin ne Kaka ta daina karɓar ko kunu. Numfashinta ya canza. Allura ta yanke a wannan makon, jirgi bai kawo ba. Wata la'asar ta ƙi kwanciya, tana nishi tana kallon ƙofa, tana nishi tana kallon ƙofa. Goggo ta miƙe ta leƙa ta taga ta ce, “Yaya, ka shigo. Ko mene ne ka shigo.”

Ya shigo ba takalmi. Tana ganinsa hannun hagu ya tashi neman mayafi, amma ƙarfin ya ƙare, ya faɗi a kan ƙirji. Na ga tana ƙoƙarin haɗiye nishin, maƙogwaronta yana hawa yana sauka. Baba bai durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba ba. Ya tako har gaban gadon, ya juya mata baya, ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙarfen gadon, fuskarsa tana kallon ƙofa. Ya ce, “A gaya wa mutanen Jugu ba kowa a ɗakin nan. Su yi yadda suka ga dama.”

Sannan nishin ya fito, a hankali da farko, daga baya ya fito duka. Baba bai motsa ba. Ya fara karanta mata kalmar shahada a hankali, yana maimaitawa, muryarsa tana karyewa yana gyarawa. Can sai na ga hannun nan na hagu yana jan jiki a kan tabarma, ya kai bakin gado, ya ture hular Baba ta faɗi, ya sauka a kan kansa. A nan hannun ya zauna har aka kira magariba. Baba, wanda ban taɓa ganin jam'i ya wuce shi ba, ranar a ɗakin ya yi sallarsa daga baya. Ta cika da hantsi washegari. A Faraku aka binne ta, garin da ba ta so, domin ba halin kai ta Jugu.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba sai da ya tsufa, ni ma na yi 'ya'ya. Wata rana ina yanke masa farce ya ce, ba tare da na tambaye shi ba, tun da aka yaye shi bai san nauyin hannunta ba sai a wannan la'asar.

Yanzu duniya ta canza. Jugu da Faraku sun zama tafiyar da ake yi a dawo a yini, zem, wato ɗan acaɓa, yana kai ka kasuwar Arzeke kafin ka gama gyara zama. Mata suna kiran 'ya'yansu na fari da suna a gaban kowa, suna rungume su a tasha. A asibiti na ga ana nuna wa wanda bakinsa ya mutu wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi zuwa mai kuka, a ce ya nuna tasa. Dabara ce mai kyau, na yi musu addu'a. Amma na san da an miƙa wa Kaka wannan kati Baba yana tsaye, mai murmushin za ta nuna.

Ni ma tansiyon ta kama ni, gadon gida ce. Na zaunar da ɗana na fari, wanda nake kira da sunansa tun yana zanen goyo, na ce masa in bakina ya mutu kada ya yarda da fuskata, ya tambayi ƙannensa mata, ya saurara ta bayan ƙofa. Ya yi dariya ya ce, “Haba Mama, ke da ko sauro ya cije ki sai an ji a Kwatano.” Ni ma na yi dariya, don na ɗauka gaskiyarsa ce. Watan jiya ya kai ni awo, tun safe kaina kamar zai tsage, ko hasken rana ba na iya kallo. Likita ya tambaye ni ina ke ciwo, yaron yana tsaye a gefena riƙe da jakata. Sai na ji bakina ya ce lafiya lau.